Akun da Ya Riƙe Muryar Inna

Baba ne ya kawo akun gidanmu na Argungu, tun ina 'yar firamare. A lokacin fataucin albasa yake yi. Yakan saya a Augie, ya cika mota, ya gangara Kurmi, ya dawo da goro da manja. A wata dawowa sai ga shi da keji a hannu, an lulluɓe shi da tsohon buhu. Da aka yaye buhun muka ga tsuntsu mai launin toka da jar wutsiya, ya karkata kai yana duban mu da ido ɗaya, sai ka ce mu aka kawo masa ya saya. Don kansa Baba ya sayo shi, amma tsuntsun bai taɓa yi masa kallon arziki ba. Mahaifiyarmu ya zaɓa, wadda muke kira Inna.

A wajenmu akwai abin da kowa ya yarda da shi game da aku. Ana cewa ba ya ɗaukar muryar mutum sai ya ɗanɗani yawunsa. Saboda haka kullum da hantsi Inna takan tauna gyaɗa, ta turo ta kan leɓenta, ta matsa jikin kejin. Shi kuma ya zuro wannan baki nasa da ke fasa ƙwallon goriba, ya ɗauke gyaɗar a hankali ba tare da ya ko ƙwarzane ta ba. Ni dai ƙyanƙyami abin yake ba ni, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Inna takan ce, "Auta, ke ma da bakin ga nit tauna miki abinci, ga ki nan kin hi kowa surutu."

Ko yawun ne ko ba shi ba, muryar kam ya ɗauka. Ba kwaikwayo irin na yara ba, muryar Inna ce sak, har da 'yar dushewar nan da take yi in ta tashi daga barci. Yakan ce, "Wa ka sallama?" baƙo ya amsa daga zaure da ladabi. Yakan ce, "Auta, tashi ki yi salla," in tashi a fusace in tarar Inna ba ta ma cikin gidan. Wadda ya fi so ita ce kiran safe: "Malam, taho, kununka na hucewa." Sau nawa Baba ya baro zaure ya shigo ya tarar ko wuta ba a hura ba.

Akwai magana ɗaya da Inna ta fi yawan faɗa a gidan, amma tsuntsun bai taɓa ɗauka ba. Baba mutum ne mai cin goro da gaggawa, kullum sai ya sarƙe shi. Da ya fara tari, ko tana ina, sai ka ji ta ce, "Sannu, Malam, sha ruwa." Shekara da shekaru tana faɗa a kunnen akun, ko sau ɗaya ba mu ji ta a bakinsa ba. Mukan yi masa tsiya mu ce ai ba ya ƙaunar Baba ne, shi ya sa ba ya yi masa sannu.

Shekarar da aka yanke mana jiha ina aikin buga tafireta a Sakkwato, a ma'aikatar gona. Aka kwaso mu 'yan asalin wannan ɓangare aka ce mu koma Birnin Kebbi. Wanda bai ga wannan ƙaura ba ba zai gane ba. Fayil-fayil a cikin buhunan shinkafa, manyan ma'aikata uku a tebur ɗaya, ni da tafiretata a baranda, in hadari ya taso in rungume ta in ruga ciki. Amma murna muke yi, ni musamman, don yanzu gida ya zo kusa. Na sami ɗaki a wani gida a unguwar Gesse, duk ƙarshen mako in hau motar haya in tafi Argungu.

Ban daɗe ina morar wannan kusanci ba Inna ta rasu. Ciwon bai ja lokaci ba. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yau in na tsaya ba na iya wucewa.

Bayan an share makoki sai aka lura akun ya daina cin abinci. Ya yi shiru, ya dinga fizge gashin ƙirjinsa har fata ta fito. Aka zuba masa gyaɗa, aka kawo gwanda, ko kallo. Wata safiya Gwaggo, ƙanwar Baba da ta dawo gidan don ta riƙa yi masa girki, ta fito ta ga abin da ya sa ta koma ɗaki da sauri. Baba ne tsaye a gaban kejin, dattijo da furfurarsa, ya tauna gyaɗa ya turo ta kan leɓe, yana jira. Ya daɗe a tsaye. Can tsuntsun ya matso ya karɓa. Kafin mako ya zagayo, gidan ya sake jin, "Malam, taho, kununka na hucewa."

Daga nan Baba ya mai da kejin ƙofar ɗakinsa. Shi ke ba shi abinci da baki, shi ke share busasshen kashin da ke ƙarƙashin kejin da 'yar tsintsiya kowace safiya, ba ya yarda kowa ya taɓa. Yayanmu babba, wanda ya gaji fataucin albasa, ya ga tsuntsun har yanzu a rame yake, sai ya ce kaɗaici ne. Ya je kasuwa wurin masu sayar da tsuntsaye ya sayo tsirya biyu, 'yan korayen nan masu dogon bindi, aka rataye kejinsu a jikin na akun don su ɗebe masa kewa. Kowa ya yaba wa Yaya, har da ni.

Ba a jima ba tsirya ɗaya ta kumbura gashi, idonta na ruwa, kashinta ya koma kore shar. Ta mutu, aka jefar. Wa zai tsaya yi wa tsirya bincike? Sai kuma zazzaɓi ya kama Baba.

Kowa ya ce na sauro ne, ga shi ƙarshen damina, fadama cike da ruwa. Aka yi masa allurai, ya sha ƙwayoyi, zazzaɓin ya ƙi sauka. Ciwon kai ya hana shi buɗe ido, ga wani busasshen tari da ba ya fitar da komai. Aka sake wani maganin, aka haɗa da rubutu da saiwoyi. Mutumin da ke ɗaga buhun albasa shi kaɗai ya koma sai an riƙe shi zuwa bayan gida. Duk da haka, da hantsi sai ya sa an matso masa da kejin bakin gado, ya tauna gyaɗa da ƙyar ya miƙa leɓe. Tsoro ya kama ni sosai. Na ga muna shirin rasa shi a shekarar da muka rasa Inna.

A barandar da nake aiki akwai wani likitan dabbobi da aka turo tare da mu daga Sakkwato, siriri, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Abokan aikinsa shanu suke bi, don a nan ake ganin girma. Shi kuwa tsuntsaye ya sa a gaba. Yana bin gidajen masu tantabaru da masu kanari da kasuwar kaji, yana roƙon a ba shi gawar tsuntsu ko ɗan kashinsa, wai yana binciken cututtukansu. Likitan tsuntsaye muke ce masa, kuma ba da niyyar yabo ba. Ni ce ma kan gaba wajen tsokanarsa. Nakan tambaye shi ko yau an sami zakaran da ya yi masa godiya.

Wata Litinin na dawo daga Argungu jikina a sanyaye. Lokacin cin abinci matan ofis suka tambaye ni mai jiki. Na ba su labari, sai kuma na ƙara da abin dariya don kada in yi kuka a gabansu. Na ce akun gidanmu yanzu ya koyi tarin Baba, yana yin sa daidai har Gwaggo takan rugo da ruwa ta tarar maras lafiyar na barci. Aka yi dariya. Likitan tsuntsaye, da ke can gefe yana cin shinkafa da kifi, ya ajiye cokalinsa.

Ya ce, "Malama, aku gare ku a gida?"

Na ce e.

"Kusa da maras lahiya shike?"

Na ce ai a bakin gadonsa ma yake, da baki yake ba shi abinci.

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tambaye ni ko an kawo wani sabon tsuntsu gidan kwanan nan, ko wani ya mutu, da kalar kashinsa. Ina ba shi amsa ina ganin tambayoyin nasa sun yi kama da na wanda ya riga ya shiga gidanmu. Da na gama ya ce, "Tashi ki nemi izini. Yau za mu Argungu."

A motar haya ya yi mini bayani. Ya ce akwai wata cuta da ke zama a jikin aku da danginsa, har da tantabaru. Tsuntsu yana iya ɗauke da ita shekaru yana cin abincinsa yana surutunsa, ba wanda zai sani. Sai ranar da wahala ta same shi, ko yunwa, ko sauyin wuri, ko rashin wanda ya saba da shi, sannan ta farka ta fara fita a kashinsa da majinarsa. In kashin ya bushe ya zama ƙura, mutum ya shaƙa, ta sauka a huhunsa. Ya ce mai yiwuwa tsiryoyin kasuwa ne suka kawo ta, mai yiwuwa kuma tun daga Kurmi akun ya zo da ita tana kwance.

Na ce, "Likita, kana nufin baƙin cikin mutuwar Inna zai iya tayar da ita?"

Ya ce, "Zai iya."

Na juya ina kallon fadama ta taga, shinkafa ta fara sunkuyar da kai, masu kwalekwale na ratsa ta. Ashe tsuntsu ma yana makoki har jikinsa ya karye, kuma makokin nasa yana iya tashi a iska ya shiga ƙirjin wani mai makokin.

Mun tarar da tsirya ta biyu ta mutu da safiyar nan, tana yashe a bayan rumbu. Likita ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya ba ni ɗaya, ya sa leda a hannu ya ɗauke ta ya saka a kular ƙanƙara da ya zo da ita. Ya hana Gwaggo shara, ya ce a yayyafa ruwa tukuna. Sannan ya durƙusa ya gaida Baba, ya daɗe yana sauraron numfashinsa daga inda yake. Ya ce shi dabbobi ya karanta, ba ya ba mutum magani, amma zai je da kansa ya yi magana da likitan da ke duba Baba. Ya je kuwa, tare da Yaya. Likitan mutane ya saurare shi, ya ce abin ya yi kama ƙwarai, kuma ba za a jira tabbaci ba. Suka dawo da kafso ɗin nan ja da rawaya da kowa ya sani, wanda ake sayarwa a kowane kemis. Na riƙe shi a tafin hannuna ina mamaki. Duk wannan wahala, ashe maganin yana bakin titinmu.

Rigima ta tashi ne da aka faɗa wa mutanen gida cewa daga tsuntsun ciwon ya fito. Gwaggo ta tafa hannu ta ce ita dama ta sani.

Ta ce, "Tun yaushe nika hwaɗi! Macce ta mutu, kullum sahe muryatta na kiran mijinta, taho, taho. To mi kuka jira? Kiran nai takai, kuma shina amsawa. A hidda tsuntsun ga daga gidan ga!"

Yaya, wanda kunyar tsiryoyinsa ta ishe shi, ya ce ba sai an kai shi ko'ina ba, yanzu zai murɗe wuyansa a huta. Ya nufi kejin.

Baba, da muke zaton ba ya jin abin da ake faɗa, ya yunƙura ya dafa bango ya zauna. Muryarsa ba ta fita sosai, amma kowa ya ji.

Ya ce, "In kunka kashe shi, kun rufe ta sau biyu. Ku ɗauke maganinku. Ba ni sha."

Wanda ya san Baba ya san ba barazana ba ce. Ya juya fuska bango. Gwaggo na kuka, Yaya na tsaye da hannu a jikin keji, ni kuma ga kafso a hannuna. Haushin kowa nake ji a lokacin, har da tsuntsun, har da Baba. Amma na san abin da yake nufi. Hoton Inna ɗaya ne a gidan, shi ma ya dushe. Abin da ya rage nata mai motsi a duniya yana cikin wannan kejin.

Likitan tsuntsaye ne ya raba gardamar. Ya ce ba dole sai an kashe shi ba. Maganin da zai warkar da Baba, irinsa ne zai warkar da akun, sai dai nasa zai ɗauki lokaci mai tsawo, fiye da wata guda, kuma dole a raba su. Sannan ya matsa kusa da gadon ya ce, "Baba, sharaɗi guda ne. Ko ya dawo, kai da ba shi abinci da baki har abada."

Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wa za ya riƙe shi?"

Ban san lokacin da na ce ni ba. Ni da na shekara ashirin ina zagin tsuntsun nan. Baba ya juyo ya dube ni, ya miƙo hannu, na zuba masa kafson, ya haɗiye da ruwa. Da yamma na koma Birnin Kebbi da keji a kan cinyata, an lulluɓe shi da zanen Inna.

Washegari da hantsi Likita ya leƙo baranda ya ce in zo in ga wani abu. Ɗakin bincikensa tsohon sito ne da aka ba shi aro, tebur ɗaya da kwalabe. Ya riga ya buɗe gawar tsiryar, ya shafa ɗan abin da ya ɗebo daga saifarta a kan gilashi, ya rina shi da wasu ruwaye masu launi. Babu wutar lantarki, kamar kullum. Sai ya ja madubin likita, wanda ake ganin ƙananan halittu da shi, zuwa bakin taga, ya juya wani ɗan madubi da ke ƙasansa har ya kamo hasken rana. Ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa.

Da farko ban ga komai ba sai gashin idona. Ya murɗa wani abu, sai wuri ya buɗe. Na ga wata duniya zagayayya mai haske, shuɗi-shuɗi, cike da wasu abubuwa kamar ɗakuna. Ya ce waɗannan su ne ƙananan sassan da aka gina jikin tsuntsun da su, kuma ni ma da irinsu aka gina ni. Ya ce in duba cikin ɗaya daga ɗakunan, wajen gefe. Na duba. Wasu 'yan ɗigo-ɗigo ne ja, sun taru wuri ɗaya, ƙanana ƙwarai, har in na ƙifta ido sai sun ɓace in sake nemo su.

Ya ce, "Ga su nan. Ba ni rantsuwa sai na aika babban ɗakin bincike sun tabbatar, amma na san huskarsu."

Na ɗago na dubi gilashin da idona. Ba komai a kansa sai ɗan tabo kamar na shuni. Na sake leƙawa, ga su nan. Na yi ta yi, ina ɗagowa ina komawa, kamar wata ƙaramar yarinya. Abin da ya kayar da Baba ke nan. Mutumin da ya ratsa dazuzzukan Kurmi a saman lodin albasa, ya tsira daga 'yan fashi da haɗarin mota, ga abin da ya kwantar da shi, abin da dubunsa ba za su cika kan allura ba. Kuma suna da kyau, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Jansu irin na jar wutsiyar akun ne. Bakina ya kama faɗin Subhanallahi ba tare da na sa shi ba. Tun ina yarinya nake jin malamai na cewa akwai halittun Allah da ido ba ya gani, ina gyaɗa kai. Ranar ce na fara jin nauyin maganar, a cikin tsohon sito, da hasken rana na aro.

Na tambayi Likita yadda aka yi mutane suka san da wannan abu. Ya ce da wahala aka sani. A ƙasashe masu nisa mutane sun yi ta mutuwa a gidajen da ake ajiye aku kafin a gane, har da wasu daga cikin masu binciken kansu. Ya ce mu nan ba wanda ya san yawan tsuntsayen da ke ɗauke da ita, ko yawan tsofaffin da aka ce zazzaɓin sauro ya kashe alhali tantabarun gidansu ne. Abin da yake nema ke nan a gidajen mutane da kularsa ta ƙanƙara. Daga ranar ban sake tambayarsa labarin zakara ba.

Jinyar akun ta zama aikina. Na rataye kejin a bayan ɗakina inda iska ke wucewa. Kullum in ɗaura ƙyalle a hanci, in yayyafa ruwa, in wanke ƙasan kejin, in dafa masa shinkafa ta yi laushi in cakuɗa da garin maganin yadda Likita ya auna mini. Da farko ya ƙi ci, yana watsar da ita da baki yana hararata. Na ce masa, "Kai dai ka san ba ƙaunarka nake yi ba, ci za ka yi don Baba." Yunwa ta sa ya sauko. A hankali kashinsa ya daina kore, idonsa ya washe, sabon gashi ya fara tsirowa a ƙirjinsa.

Amma ya daina magana. Tun ranar da muka baro Argungu bai ce uffan ba. Ba kiran kunu, ba tari, ko fito irin na tsuntsaye babu. Nakan tsaya a gabansa in ce, "Wa ka sallama?" ina ƙoƙarin kwaikwayon Inna, ya karkata kai ya dube ni kamar na haukace.

Baba kuwa cikin 'yan kwanaki zazzaɓin ya sauka, abin kamar a mafarki. Ya fara zama, ya fara cin tuwo, ya fara faɗa, wanda shi ne babbar alamar lafiyarsa. Faɗan nasa duk a kan fura ne, don an ce kada ya haɗa kafson da nono, Gwaggo kuma ta tsare ƙwaryar kamar soja. Duk ranar da na zo, kafin in ajiye jaka zai ce, "Auta, ya yi magana?" In ce a'a, Baba. Sai ya gyaɗa kai ya kama wata hira.

Wata rana ya faɗi abin da ke cinsa. Ya ce shi ya san dalili. Yawun Inna ne ya sa muryar a jikin tsuntsun, nasa yawun kuma ya riƙe ta bayan ta tafi, don shekara arba'in suna ci a ƙwarya ɗaya. Yanzu magani ya wanke komai, kuma an hana shi mayarwa. Ya ce, "Na sayi raina da muryatta, Auta. Ban sani ba ko cinikin ya yi."

Na kai wa Likita maganar, ina so ya ce mini camfi ne kawai. Ya ce yawu kam ba ya ɗauke da murya, wannan ya tabbata. Amma ko za ta dawo, bai sani ba. Ya ce, "Cutar na iya nuna miki a madubi. Inda tsuntsun ga ya aje muryar mahaihiyarki, wannan ba ni da madubin ganin shi."

Bayan an gama yankan shinkafa Likita ya sake duba akun ya ce ya warke, ana iya mai da shi gida. Na kai shi ranar wata Asabar da hantsi. An wanke ƙofar ɗakin Baba da ruwan magani, an ƙone tsohon kejin tsiryoyi. Aka rataye akun a reshen dogon yaron da ke tsakar gida, Baba na zaune a tabarma ɗan nesa da shi, ya rame amma idonsa ya dawo. Na ga hannunsa ya shiga aljihu ya fito da gyaɗa, ya nufi bakinsa da ita, sannan ya tsaya. Ya daɗe yana kallon gyaɗar. Sai ya ce a miƙo masa ludayi, ya zuba a ciki, ya tashi ya miƙa ta tsakanin ƙarafunan kejin. Akun ya ɗauka ya ci. Bai ce komai ba.

Haka muka wuni. Maƙwabta suka shigo ganin tsuntsun da aka kai asibiti, suka yi ta yi masa magana, ya yi musu banza. Washegari ma haka. Baba bai ƙara tambaya ba, bai kuma bar tabarmar nan ba sai in zai yi salla.

Bayan la'asar ta Lahadi na ɗauko jakata zan tafi tasha. Na durƙusa ina yi wa Baba sallama, Gwaggo na bakin murhu tana tankaɗe, Yaya na daga zaure. Baba ya ɓare goro ya jefa a baki da gaggawar nan tasa da ciwo bai raba shi da ita ba. Ya sarƙe shi. Ya kama tari, yana dukan ƙirji.

Daga reshen dogon yaro, a hankali, da 'yar dushewar nan ta wanda ya tashi daga barci, aka ce, "Sannu, Malam, sha ruwa."

Rariya ta faɗi daga hannun Gwaggo. Yaya ya shigo da gudu ya tsaya a tsakar gida. Ni kuwa ina durƙushe na kasa ko juyawa, don na san in na juya tsuntsu zan gani, kuma ban shirya ganin tsuntsu ba. Maganar da bai taɓa faɗa ba ce tun zuwansa gidan. Ashe duk shekarun nan tana ajiye a wani wuri a cikin ɗan kan nan nasa, inda cutar ba ta kai ba, magani ma bai kai ba.

Tarin Baba ya tsaya. Hawaye na bin furfurar gemunsa, bai share ba. Ya dube ni ya ce, "Auta, ba ki ji abin da tac ce ba?"

Na tashi na ɗebo ruwa a randa na kawo masa. Ya karɓi moɗar da hannu biyu, ya shanye duka.